Abin da hatsarin bas ɗinmu ya koya mana game da inshora



Da yawanku kun tambaye mu dalilin da ya sa har yanzu ba mu sayi wata bas ba, alhali kamfanin inshora ya biya mu. Ga bayanin.

Kun san bas ɗin ƙungiya, wadda muke kai marasa lafiya asibiti da mamatanmu maƙabarta, ta yi hatsari a hanyar Legas zuwa Ibadan. Alhamdu lillahi, ba a rasa rai ba. Injiniyan kamfanin ya duba ta, ya ce kuɗin gyara ya kusa kai kuɗin motar, don haka biya za a yi, ba gyara ba. Muka yi murna, muna zaton za a ba mu abin da zai sayi irinta.

Ashe ba haka lissafin yake ba. Abu biyu suke dubawa. Na farko, farashin motar a kasuwa ranar hatsarin, gwargwadon shekarunta da tafiyar da ta yi da lafiyarta. Na biyu, adadin da muka rubuta a takardar inshora. Wanda ya fi ƙanƙanta shi suke biya, sannan su cire kason da yarjejeniya ta ɗora wa mai mota. Gawar motar kuma ta zama tasu, sai in mun yarda a cire kuɗinta mu riƙe ta.

Laifin namu ne. Duk shekara muna sabunta takarda da tsohon adadi don kuɗin ya yi mana sauƙi. Naira ta faɗi tun 2023, farashin tokunbo ya tashi, mu ko taɓa adadin ba mu yi ba. Abin da aka ba mu bai kai rabin kuɗin irinta a yau ba. Araha dai ba ta ado.

Tamu ma cikakkiyar inshora ce. Masu ta Naira 15,000 su sani, ɓarnar da suka yi wa wani take biya, har zuwa Naira miliyan 3 a kan dukiya. Motarsu ba ta ciki.

Don Allah, kafin ku sabunta takarda, ku je kasuwar motoci ku ji farashin irin taku, ku rubuta shi. Ku adana rasiɗan gyara da hotunan motar. Maganar cike giɓin kuɗin bas kuwa, za mu kawo ta a taronmu na gaba.

Allah ya tsare mu a kan hanya, amin.