Kujerar magajin gari: ƙuri'ar rana da lissafin dare

A tsarin da Nijar ta bi daga 2004 zuwa 2024, talaka ba ya zaɓen magajin gari da hannunsa. Mashawarta yake zaɓe, su kuma su zauna su fidda ɗaya daga cikinsu ta hanyar ƙuri'ar asiri. Tsakanin ranar da aka rufe akwatuna da ranar wannan zama akwai makonni ko watanni, kuma a cikinsu ne ake yanke makomar gari, a zaurukan shugabannin jam'iyyu, bayan sallar lisha.

Lissafin ba shi da wuya. Jam'iyyar da ta zo ta ɗaya, in ba ta kai rabi da ɗaya ba, tana iya wayuwar gari a gefen adawa. Ƙaramar jam'iyya mai kujera biyu ko uku ita ce amarya: a yi mata alkawarin mataimakin magajin gari, ko shugabancin kwamitin kuɗi, ko wata alfarma wadda ba a rubutawa. Da yake ƙuri'ar ta asiri ce, wanda ya yi alkawari da dare yana iya saɓawa da safe, ba mai kama shi.

Wannan darasi daga sama ya sauko. A 1993, MNSD Nasara ta samu kujera 29 cikin 83 na majalisar dokoki, ta fi kowa, amma ƙawancen AFC ya raba mulki tsakanin Mahaman Usman, Mahamadu Isufu da Mumuni Adamu Jarmakwai. A Satumba 1994 PNDS Tarayya ta fice. A Janairu 1996 soja suka karɓe. Ƙawancen da aka ƙulla don kada abokin hamayya ya hau bai jure ranar rabo ba.

Birnin Yamai ya maimaita karatun. Bayan zaɓen 2011, Umaru Dogari na jam'iyyar Lumana ya hau kujerar shugaban majalisar birni, lokacin da jam'iyyarsa ke tare da gwamnatin Isufu. A Agusta 2013 Hama Amadu ya janye daga ƙawancen. A watan Satumba majalisar ministoci ta sauke Dogari. Gwamnati ta kafa hujja da yadda ake tafiyar da harkokin birni, mutane kuwa suka duba kwanan wata. Asan Saidu, wanda ya gaje shi, an sauke shi a 2017, aka rushe majalisar, aka naɗa tawaga ta musamman. Bayan zaɓen Disamba 2020, Dogari ya koma kujerarsa a 2021. Daga 2011 zuwa 2021, babu zaɓaɓɓen magajin Yamai da ya sauka don masu ƙuri'a sun ƙi shi.

Ɗan kasuwa a Maraɗi ko Damagaram na iya cewa wannan rigimar manya ce. Amma magajin gari ne ke da hannu a kan rumfunan kasuwa, da harajin tebur, da tashar mota, da rabon filaye, da kwasar shara kafin damina. Magajin da kujerarsa ta rataya ga mashawarta uku, su zai fara biya kafin ya tuna da magudanar ruwa. Ma'aikacin meri kuma, duk lokacin da ƙawance ya karye, sai ya jira ya ga wanda zai sa hannu a takardar albashi. In giwaye na faɗa, ciyawa ke shan wahala.

A Afrilu 2024 hukumomin soja sun rushe majalisun gari, suka naɗa masu riƙo. A Maris 2025 aka rushe jam'iyyu. Ciniki irin na da ya tsaya, amma tambayar na nan tana jiran ranar da akwati zai dawo. Ƙawance ba laifi ba ne, domin garin da ra'ayi ya rarrabu dole a haɗa hannu a riƙe shi. Laifin yana ga ɓoyewa. Haƙƙin mai ƙuri'a ne, kafin ya dangwala, ya ji sunan wanda kowace ƙungiya za ta tsayar magajin gari, da wanda za ta haɗa kai da shi, da aikin da suka amince za su yi wa gari. Ran wanka ba a ɓoyon cibiya.