Tsiron Da Ruwa Ke Riƙe Da Shi

A tsakiyar jihar Kwinslan ta ƙasar Ostareliya akwai wani kwari mai zurfi da a ke kira Kanabon. Daga Birisben, babban birnin jihar, tafiyar ta fi kilomita 700, watau wuni guda cur a mota. Hanyar ta ratsa ƙasar makiyaya, fili fetal, ga busasshiyar ciyawa, ga shanu jefi-jefi, ruwan sama kuwa ba shi da tabbas. Wanda ya bi ta ba zai yi zaton akwai tsiron kurmi a gabansa ba. Amma akwai, yana kuma cikin mafiya girma na irinsa a duniya duka.

Tsofaffinmu sun san agugu, saiwar nan da a kan sha a dā domin tsila. Tsiron da a ke samun ta ba ya fure, ba ya 'ya'ya. A bayan ganyensa ne ya kan fid da wani gari mai laushi kamar ƙura, iska ta kwashe, inda ya faɗi a laima sai sabo ya tsiro. Danginsa sun fi iri dubu goma, galibinsu ba su wuce ƙugun mutum ba. Na kwarin Kanabon shi ne ƙaton cikinsu. Masana suna ce da shi Angiopteris evecta, mutanen Ostareliya kuwa suna kiransa sarki. Bari mu ma mu ce da shi sarkin agugu.

A shekarar 1932 gwamnati ta keɓe kwarin ya zama gandun ƙasa. Mota ba ta shiga, sai da ƙafa. Mai tafiya zai bi rafi, ya haye shi sau da yawa a kan duwatsun da a ka jera. Dama da hagu fararen duwatsu sun miƙe kamar ganuwar birni. A jikin waɗansunsu akwai zanen hannuwa da makamai, aikin kakannin Bijara da Karingbal, mutanen da su ka zauna nan dubban shekaru kafin zuwan Turawa. Bayan kamar kilomita 4 da rabi sai a ratse, a hau matakala kusa da wani ɗan ruwa mai gangarowa, a shiga wani matsatsin kwazazzabo. Sunansa Wod, gama waɗansu 'yan'uwa biyu mafarauta masu wannan suna sun riƙa ajiye fatu a cikinsa a farkon ƙarni na 20, saboda sanyinsa.

Da shiga sai jiki ya ji kamar an buɗe randa. Rana ba ta leƙowa sai kaɗan, iska ba ta kaɗawa, ruwa kuwa yana gudu rani da damina. Ga dalili. Dutsen wurin na yashi ne, yana shan ruwan sama kamar soso. Ruwan ya yi ta tsatsa ƙasa sannu a hankali har ya tarar da wani dutse mai tauri wanda ba ya ratsuwa, sa'an nan ya ɓullo ta gefe. A bakin wannan ruwa ne sarkin agugu ya ke tsaye.

Gindinsa dunƙule ne baƙi, ba ya tashi sama sosai. Daga nan ganyaye su ke fitowa, kowanne a naɗe kamar gammo, ya yi ta warwarewa har ya miƙe. A kurmin bakin teku ganye ɗaya ya kan wuce mita 6, kararsa kuwa ta kai kaurin damtsen mutum. Abin mamaki shi ne babu itace a cikinta ko kaɗan. Ruwa ne ya cika ta ya sandare ta, kamar yadda iska ke riƙe da tayar keke. In ruwa ya yanke, ganyen nan duk girmansa sai ya kwanta a ƙasa. Hausawa sun ce da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Shi kam da ruwan ciki ya ke tsayawa ma.

Danginsa tsofaffi ne ƙwarai. An sami alamar ganyensu a cikin duwatsun da masana su ka ƙiyasta shekarunsu kusan miliyan 300. A zamanin da Ostareliya ta ke da laima, kurmi ya rufe wurare masu yawa. Da ƙasar ta bushe, kurmin ya janye zuwa bakin teku, 'yan tsirarun nan su ka ragu a kwazazzabo ɗaya tak, nesa da 'yan'uwansu da ɗaruruwan kilomita. In maɓuɓɓugar nan ta ƙafe, sun ƙare ke nan a wannan yanki. Domin haka a ka yi wa baƙi hanya ta musamman, a ka hana taɓa su.

To, mai karatu, wanda ya ga wurin nan ya riga ya koyi yadda a ke renon tsiron a lambu, gama aikin duka kwaikwayon kwazazzabon ne. Na fari, inuwa: a dasa shi ƙarƙashin manyan itatuwa inda rana ba ta dukansa kai tsaye. Na biyu, kariya daga iska, domin iska mai ƙarfi tana karya ganyen, busasshiya kuma tana ƙone shi. Na uku, ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye da yawa, wadda ba ta rabuwa da laima amma ruwa ba ya kwanciya ya yi tsami a cikinta. A rufe gindin da busasshen ganye, a sa taki kaɗan-kaɗan. Na huɗu, fili: a bar masa mita da dama ta kowane gefe, kada a matse shi a jikin bango.

Samun sabo daga garin bayan ganye yana da wuya. Masu lambu su kan bi wata hanya. A gindin kowace kara akwai wani nama mai kauri kamar kunne. In an yanko shi a ka kwantar a yashi mai laima cikin inuwa, ya kan yi toho, amma sai bayan watanni. Mai gaggawa ba ya renon wannan tsiro.

A ƙasashenmu na arewa hunturu ne babban magabcinsa, ga kuma ƙarancin ruwa da rani. Gidan da a ke sayen ruwa a garwa bai kamata ya ɗauki wannan nawaya ba. A kudu mai laima kuwa, inda zai ji daɗi, akwai wani hatsari dabam. An kai shi lambunan Hawai da Jamaika domin ado, garinsa ya bi iska ya shiga dazuzzuka, yanzu inuwarsa tana danne tsire-tsiren ƙasar. Abin da a ke tattali a Kanabon ya zama abin yaƙi a can.

Saboda haka kafin mutum ya kawo baƙon tsiro gidansa, ya kamata ya yi tambaya biyu. Ina da abin da zai rayu da shi? In kuma ya rayu ya yaɗu, me zai yi wa gonar maƙwabci da dajin gari? Wanda ya amsa su da gaskiya, ko ya dasa ko ya bari, ya yi aikin mai lambu na kirki.