Rangwamen Da Bai San Hanyar Boɗinga Ba

Muna aji biyar na sakandare aka fitar da mu daga gasar kacici-kacici a Sakkwato tun a zagayen farko. Lissafi bai kayar da mu ba, tambayoyin al'amuran yau da kullum ne suka kunyata mu. 'Yan Shagari ma haka ta same su, kuma a motar dawowa muka saba, don hanya ɗaya ce: ka baro Sakkwato, ka ratsa Boɗinga, sannan ka isa Shagari.

Bayan mako biyu muka ci karo da wani talla a jikin takardar da aka naɗe mana ƙosai. Wata jaridar Turanci ce ta ƙarshen mako ke cewa ka biya kuɗin wata shida a dunƙule, a yi maka rangwame, a riƙa kawo maka har ƙofar gida. Mu shida muka haɗa kuɗi, huɗu daga Boɗinga, biyu daga Shagari. Akwai wanda ya sayar da zakaransa.

Yayan ɗayanmu ya je ya biya. Sai da kuɗi suka shiga hannu aka gaya masa cewa "har gida" ɗin nan cikin birnin Sakkwato ake nufi. A gaskiya an rubuta hakan a ƙasan tallan da ƙananan haruffa, amma man ƙosai ya cinye wurin, mu kuma ɗoki bai bar mu mun tambaya ba.

Dole muka ba da adireshin shagon wani kawunmu kusa da tasha. Shi ke karɓa ranar Asabar, ya ba direban motar haya, mu tare shi a bakin titi bayan azahar. Ranar Lahadi mu sake ba wata mota ta wuce da ita Shagari. Kowane direba da kuɗin saƙonsa. Da muka zauna muka buga lissafi a wata na biyu, sai muka ga kuɗin saƙo sun haɗiye rangwamen, har sun taɓa uwar kuɗi. Ranar an yi cacar baki, saura kaɗan ƙungiya ta watse.

Abin da ya riƙe mu shi ne gefen shafi. Jarida takan dawo daga Shagari cike da rubutun fensir: an ja layi a ƙarƙashin kalmar da ba a gane ba, an ƙaryata wani marubuci, an bar mana tambaya. Sukan yi mana gorin cewa garinsu ne ya ba Najeriya shugaban ƙasa a 1979, kuma malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa. Mu kuwa mu mayar musu da Sifawa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Don kada a kayar da kai a wannan musu, dole ka karanta kowane shafi, har da na kasuwanci da kowa ke tsallakewa.

Wani dattijo a unguwarmu yakan sa mu fassara masa kanun labarai. Shi ya fara ba mu labarin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka soma bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta. Ya ce, "Samari, mu ma a zaure muke jin ta, mutum ɗaya ya karanta, goma su saurara."

Za ku ce ai yanzu labari yana cikin waya. Haka ne, amma wayar ta yaya ce, data kuma ba kyauta ba, sannan ba ka iya ja wa aboki layi da fensir a jikinta. Idan kuka ga irin wannan talla, kafin ku ba da ko sisi ku tambaya ina ne iyakar "gida", kuma ku saka kuɗin mota a lissafi.

Da wata shida suka cika ba mu sabunta ba, jarrabawar WAEC ta matso, aljihu kuma ya bushe. Jaridun suna nan cikin kwali a Boɗinga, ban da guda biyu da ruwan damina ya jiƙa a bayan mota. Ƙannenmu na aji uku sun fara ɗauka, kuma mun ga sabon rubutun biro a ƙarƙashin na fensir.