MOWAB: Inda Tirela Ke Tsayawa, Ƙaramar Mota Ta Ƙarasa

Duk wanda ya kalli fim ɗin Mission: Impossible 2 na shekarar 2000 ba zai manta da farkonsa ba, inda Tom Cruise ke reto a jikin wani jan dutse, ƙasa kuma can nesa kamar ba ta nan. To mai karatu, wurin nan ba zane ba ne. Sunansa Dead Horse Point, kusa da garin Mowab da ke jihar Yuta a yammacin Amurka.

Mowab ɗan ƙaramin gari ne a bakin kogin Kolorado. A ƙidayar 2020 mutanensa kaɗan suka haura 5,000, amma ’yan fim ɗin Holiwud sun daɗe da mayar da shi lokeshin. Darakta John Ford ya yi shutin ɗin Wagon Master a yankin, fim ɗin da ya fito a 1950. Farkon Indiana Jones and the Last Crusade na 1989 a gandun Arches aka ɗauke shi. Shi ma wawakeken ramin da motar Thelma & Louise ta afka ciki a 1991, wanda labarin ya nuna kamar Grand Canyon ne, ashe a ƙasan Dead Horse Point yake.

Sai dai fa zuwa wasu wuraren ba wasa ba ne. Kwalta na ƙarewa, sai burji, sai yashi, sai tsauni. Nan ne Amurkawa masu yawo da gida a bayan mota ke shiga lissafi.

Wannan gida tirela ce mai ɗakin kwana, kicin da banɗaki. Suna kiranta mai taya ta biyar saboda mahaɗarta, wani faifan ƙarfe da ake kafawa a tsakiyar bodin a-kori-kura, kamar dai yadda ake haɗa kan tirelar kaya da bodinta. Tana da daɗin ja a kan titi, amma ba mai hankalin da zai tura ta cikin kwazazzabo. Dole a ajiye ta a sansani, a hau jif ko ’yar ƙaramar motar daji irin Polaris RZR. To ina za a sa ita ƙaramar, tunda mahaɗa ta cinye bodin a-kori-kura?

Dabara uku ce. Ta farko, a sayi tirela mai gareji a baya, wadda ƙofarta ke saukowa ta zama gada, a tuƙa motar ciki a ɗaure ta tamau. Ta biyu, a ƙulla wata ’yar tirela a bayan babbar, su zama jerin gwano. Wasu jihohin sun yarda da haka tare da iyakance tsawo, wasu kuwa sun hana sam, don haka abin da ya halatta a nan zai iya jawo tara da zarar an tsallaka iyaka. Ta uku, wani daga cikin iyali ya tuƙo jif ɗin daban, a sayi mai sau biyu.

Babban haɗarin yana wajen nauyi. A ƙa’ida, kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin tirelar ya kamata ya kwanta a kan mahaɗa. Idan aka jibga mota a can ƙarshen baya, gaba sai ya yi sakayau, tirela ta fara kaɗa wutsiya, birki kuma ya sha wuya a gangara. Jif ɗin Wrangler ya kusa tan 2, abin da yawancin garejin nan ba sa iya ɗauka. Shi ya sa masu hankali ke bi ta kan sikelin manyan motoci kafin su kama hanya. Wanda ya ƙi kuwa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Ko an iso lafiya, da sauran magana. An hana ƙananan motocin daji shiga gandayen Arches da Canyonlands, jif mai lambar titi ne ke wucewa. Tun daga 2023 kuma Yuta ta wajabta wa masu tuƙa su yin wani kwas. Sauka daga kan hanya laifi ne, domin baƙar ɓawon ƙasar wurin mai rai ce, in taya ta murƙushe ta sai ta yi shekaru ba ta farfaɗo ba. Ga zafin bazara da kan wuce digiri 38, ga wuraren da waya ba ta samun sabis.

Duk da haka jama’a ba su fasa ba. Tun 1967 ake taron masu jif a garin duk lokacin Ista, su yi ta hawa da sauka a hanyoyi irin su Hell’s Revenge. Mai kallo yana ganin ramin Thelma & Louise na ’yan mintoci a allo. Mai son tsayawa a bakinsa da ƙafarsa kuwa, sai ya auna kaya, ya karanta doka, ya cika jarkokin ruwa tukuna.