Ɗan allon da yake jin magana

Jama'a, mu nan ƙasar Magarya da Dungas mun san allo iri biyu. Akwai na makarantar allo, akwai baƙin allo na lakkwal. Yau zan ba ku labarin allo na uku, wanda nake koyon aiki da shi, kuma nake nuna wa ɗalibaina na makarantar manya. Sunansa Arduino. Girmansa bai wuce tafin hannu ba. Ana rubuta masa umurni, ya riƙe, ya aikata. In an so, a wanke, a sake rubuta wani, har wajen sau 10,000.

Wasu malamai ne suka ƙago shi a shekarar 2005, a garin Ivrea na ƙasar Italiya, cikinsu har da Massimo Banzi. Nufinsu ɗalibi wanda bai karanta ilimin lantarki ba ya samu abin koyo mai araha. Irin wanda ya fi yawa a hannun mutane shi ne Uno, wanda ya fito a 2010. Nawa, wani ɗan yayata mai karatu a Damagaram ya sayo mini shi a Kano, tare da wayoyi da ƴan fitilu.

To, me ya haɗa malamin yaƙi da jahilci da wannan abu? Ruwa ne. Yawancin ɗalibaina manoman rani ne, masu garka a fadamun Korama, suna shuka rake da tumatir da albasa. Mai injin ban-ruwa yana kunna shi da ka, yana kashe shi da ka. Wata rana ruwa ya yi yawa, an ƙona mai a banza. Wata rana shuka ta yi yaushi. Ga shi kuwa samarin da za su tsare garka sun tafi cin rani. Wani ɗan ƙasarmu, Abdou Maman Kané, ya ƙago hanyar da manomi zai kunna famfonsa da wayar salula daga nesa, har ya ci babbar kyautar ruwa ta Sarki Hasan na Biyu na Maroko a 2015. Da na ji haka sai na ce, ashe abin bai fi ƙarfin ɗan Nijar ba. Sai dai da rarrafe yaro kan tashi.

Darasin fari shi ne kunna fitila. A jikin allon akwai wata ƴar fitila da ke haɗe da ƙafa mai lamba 13. Ana rubuta umurnin a kwamfuta, ko a wayar Android in akwai igiyar da ta dace, sannan a tura shi cikin allon. Umurnin kashi biyu ne. Na fari ana ce masa setup, shi allon ke karantawa sau ɗaya in an ba shi wuta. Na biyu loop, shi yake ta maimaitawa, kamar mai jan guga. Sai ka rubuta: kunna fitila, jira 1000, kashe fitila, jira 1000. Wannan 1000 daƙiƙa ɗaya ce. Ka mai da ita 200, fitila ta shiga ƙyaftawa da sauri.

A nan ne na ga amfaninsa ga aikina. Allon nan ba ya karɓar "ai ka gane abin da nake nufi". Ka bar waƙafi ɗaya, ko ka sa ƙaramin baƙi inda ake son babba, kwamfuta ta ƙi tura umurnin. Akwai wani dattijo a ajinmu da ya daɗe yana cewa ɗigo da waƙafi ƙawa ce ta malamai. Ranar da ya canja lamba da hannunsa, fitila ta bi abin da ya rubuta, shi da kansa ya koma yana duba littafin maƙwabcinsa yana nuna masa inda ya bar ɗigo. Kalmomin umurni na Ingilishi ne, amma ba su da yawa. Mun rubuta ma'anarsu da Hausa a bango, kowa ya kwafe.

Bayan fitila sai muka koma ga ƙasa. Akwai wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu da ake cusawa gindin shuka. Yana gaya wa allon damshin ƙasa da lamba, tsakanin 0 da 1023. Muka auna busasshen rairayi, muka auna jiƙaƙƙe, muka rubuta lambobin. Yanzu in ƙasar tukunyarmu ta bushe, jar fitila ta kama. Famfo ne ba mu kai gare shi ba tukuna, ba ma gaggawa.

Saura kula da shi, don abu ne mai sauƙin mutuwa, kuma samun wani sai an yi saƙo birni.

Na ɗaya, wuta. Allon da volt 5 yake aiki, irin na cajar waya. In ta ɗaya ramin za a ba shi, kada a wuce tsakanin 7 da 12. Batirin farantin hasken rana, in yana shan caji, yakan kai wajen 14, sai allon ya yi zafi. Wani mai gyaran rediyo da na sani ya juya wayar ja da baƙa, hayaƙi ya tashi, shi ke nan.

Na biyu, kada a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Ƙafafunsa ƴar fitila kawai suke iya ɗauka, ita ma sai an sa mata rezistans mai rage wuta. Famfo ko mota sai ta hanyar makunnin da ake kira rile.

Na uku, a cire wuta kafin a taɓa wayoyi. Kada a ajiye shi a kan faranti ko tire na ƙarfe, don ƙasansa duk dalma ce a fili.

Na huɗu, hunturu. Kun san yadda bargo kan yi tartsatsi da dare lokacin ɗari. Wannan ɗan tartsatsi na jikin mutum ya isa ya lalata shi. A riƙe shi ta gefe. Ƙura kuma a share ta da busasshen buroshi, ban da ruwa, ban da tofi. Da damina a sa shi cikin leda, a rufe a kwanon roba, nesa da gara da hannun yara.

Ƴan'uwa malamai na Bande, da Waca, da Dogo-Dogo, da Malawa, allo ɗaya ya ishi aji guda. In wani cikinku ya samu, ya aiko da labari, mu yi musayar darussan da muka rubuta da Hausa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.