Ɓauren Inna a cikin hunturu

Duk wadda ta bi hanyar Gusau zuwa Tsafe a watan Janairu ta san yadda hazo ke haɗiye Dutsen Kwatarkwashi. Sai kin zo dab da shi za ki gan shi. Da hantsi na kama hanya, don yanzu ba mai son yamma ta riske shi a wannan titi.

Na tarar da Inna a bayan ɗaki tana kafa tsohuwar zana kusa da wani ɗan icce. Ɓauren Larabawa ne mai zaƙi, ba irin namu na bakin fadama ba. Ƙanena ne ya kawo rassa biyu da damina, ɗaya nata, ɗaya na Goggo a Bunguɗu. Ganye uku kacal suka rage masa.

"Inna, ai wannan ya mutu."

"Ɗiyata, kawo farcenki."

Na ɗan kankare ɓawon, sai ga kore shar a ciki. Ta ce barci yake yi, haka irinsa ke zubar da ganye idan sanyi ya shigo.

A Amurka, 'yan asalin Italiya kan naɗe irin wannan ɓaure da buhu, wasu har su kwantar da shi su rufe da ƙasa saboda ƙanƙara. Mu ba mu da ƙanƙara. Abin da muke da shi iska ce mai busowa daga arewa maso gabas, wadda ke tsotse danshin icce kamar yadda take tsaga mana kaushi. Shi ya sa Inna ta tare wannan ɓangaren kaɗai, ta bar sama a buɗe don rana. Ta shimfiɗa busasshen ganye a gindin, amma ba ta bari ya taɓa jikin iccen ba, saboda gara. Ruwa kuwa sai ta tura yatsa ta ji ƙasa ta bushe, don iccen da ba ganye ba ya shan da yawa, jijiyar ruɓewa take. Taki sai ya fara toho. Daga waje ta zagaye komai da ƙaya, don akuyar rani ba ta barin ko ɓawo.

Na ɗan ji kunya. Ni da nake karance-karance a waya, da tuni na tumɓuke shi.

Bayan kwana biyu na dawo Gusau, na zarce Bunguɗu ta hanyar Sakkwato. Muna gama gaisawa na tambayi Goggo nata ɓauren. Ta nuna min rami kusa da rijiya.

"Tun watan jiya ya bushe, na sa shi a murhu."

Ban iya ce mata komai ba. Da dare na kira Inna na faɗa mata. Ta yi salati, ta yi shiru, sannan ta ce idan ruwa ya sauka za ta yanko mata wani reshe, amma Goggo ta zo Tsafe da ƙafarta ta karɓa.