Kafaɗar Malami

Duk wanda ya zaɓi aikin koyarwa ya san darajar murya, amma kaɗan ne ke tuna kafaɗa, alhali ita ke ɗaga alli zuwa saman allo. Bayan shekara 22 ina wannan aiki, tawa ta dama ta kai ga ba na iya kwanciya a kanta, balle in rubuta kwanan wata a kusurwar allo.

Hoton ƙashi bai nuna komai ba, domin ba karaya ba ce da maɗori zai ɗora. Hoton MRI ne ya bayyana cewa jijiya ta yage. Likita ya fahimtar da ni cewa jijiyoyi 4 ne ke riƙe da kan ƙashin dantse a gurbinsa, kuma ta sama ce ta fi yagewa, musamman ga wanda ya haura shekara 40 yana aikin ɗaga hannu. Ba kowace yagewa ke bukatar wuƙa ba, wata motsa jiki da magani sun ishe ta. Tawa kuwa ta rabu da ƙashin ɗungurungum.

Tiyatar ba ta wuce awa 2 ba. An huda ƙananan ramuka, aka zura 'yar kyamara, aka kafa maƙalai a ƙashi, sannan aka ɗaure jijiyar da zare. Jinya ce ta ɗauki lokaci. Mako 6 hannuna na rataye a ƙirji, ina barci a kishingiɗe. Matata ke sa mini riga, ɗana ke zuba mini ruwan alwala, ina miƙa wa manya hagu ina neman gafara. Daga nan ma'aikacin gashin ƙashi ya riƙa ɗaga mini hannun, sannan na soma ɗagawa da kaina. Sai bayan wata 3 aka yarda in ɗauki abu mai ɗan nauyi, saboda kafin nan jijiya ba ta gama kama ƙashi ba, gaggawa na iya warware ɗinkin. A wata na 7 na koma aji.

Saboda haka, ɗalibi mai shirin zama malami, idan ciwon kafaɗa ya hana ka barci, ko hannu ya ƙi ɗaguwa, nemi likita tun da wuri, domin jijiyar da ta daɗe a yage takan janye, ɗinkinta ya yi wuya. Idan kuwa an yi aikin, ka bi matakan jinya daki-daki, kamar yadda za ka bi da yaron aji ɗaya daga baƙi zuwa jimla.